Gargaɗi Ga Masu Riƙon Saba: Baƙo Ɗaya Ya Isa Ya Durƙusar Da Kowa

Duk wanda aka damƙa wa amanar saba, a banki ne, ko jami'a, ko asibiti, ko kamfanin da ke ba da hayar wuri a intanet, ina roƙonsa ya buɗe jerin faci, wato gyare-gyaren manhaja, da ya jingine ya sake dubawa yau ɗin nan. Ina nufin facin da sanarwarsa ta ce illar ɓarakar ita ce tsayar da aiki, abin da masu sana'ar ke kira DoS. Irinsu ne aka fi turawa ƙarshen layi, kuma hujjar kullum ɗaya ce: ai ba za a saci komai ba, ba za a leƙa sirrin kowa ba, inji ne kawai zai tsaya a sake kunna shi. A kan kwamfutar mutum ɗaya wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. A kan injin da ke ɗauke da kwamfutocin kwaikwayo talatin ko hamsin kuwa, ganganci ne tsagwaronsa.

Ga mai karatun da ba aikinsa ba ne, ga yadda abin yake. Yawancin sabobin da ke riƙe da shafukan intanet, da rajistar ɗalibai, da lissafin albashi, ba ƙarafa ne daban-daban ba. Babban inji ɗaya ne ake yankawa gida-gida, kowane yanki ya ɗauka shi kwamfuta ne mai cin gashin kansa, da furosesarsa da ma'ajiyarsa. Yankin nan shi ake kira baƙo, injin da ke ɗauke da shi kuma mai masauki. Manhajar da ke tsakaninsu tana rabon lokaci da wuri ita ce haifabaiza, kuma sanannunta ba su da yawa: Xen, wadda ta fito daga Jami'ar Kambirij a 2003; KVM, wadda ta shiga cikin Linux a 2007 kuma take aiki kafaɗa da kafaɗa da QEMU; ESXi ta kamfanin VMware; Hyper-V ta Microsoft; sai VirtualBox da ɗalibai suka fi sani a kan laftof. Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, kowa da makullinsa, amma wayar wutar da ta shigo gidan guda ce. Alkawarin da haifabaiza ta ɗauka shi ne duk abin da ɗan haya ya yi a ɗakinsa, a ɗakinsa zai tsaya. Ɓarakar tsayar da aiki ita ce ranar da mutum ɗaya ya haɗa wayoyi biyu a ɗakinsa gidan duka ya yi duhu.

Kada a ɗauka hasashe nake yi. A ƙarshen watan Satumba na 2014, kamfanin Amazon ya aika wa abokan cinikinsa sanarwa cewa zai kashe ya kunna kusan kashi 10 cikin 100 na injinan hayarsa na EC2, kuma bai faɗi dalili filla-filla ba. Rackspace ma ya yi irin haka a ƙarshen makon. Sai ranar 1 ga Oktoba aka bayyana abin da ya tayar musu da hankali: sanarwar Xen mai lamba XSA-108. Jan Beulich, injiniya a kamfanin SUSE, shi ya gano cewa wani ɓangaren Xen da ya kamata ya kula da rajistoci 256 yana amsa buƙata har a kan 1024. Baƙon da ya miƙa hannu cikin wannan rarar zai iya kifar da mai masauki baki ɗaya, ko ya karanto abin da ba nasa ba. Gyaran bai wuce canza lamba ba. Amma dubi abin da manyan kamfanoni suka yi a kansa: sun gwammace su ɓata wa dubban abokan ciniki rai da ɗauke aiki na ɗan lokaci, a ranar da su suka zaɓa, da su bari wani ya zaɓar musu ranar. Mutanen da suka fi kowa sanin tsadar minti ɗaya na tsayawar inji ke nan, kuma ba su ce a bari sai an samu sarari ba.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ta watan Nuwamba na 2015, XSA-156, domin ita ba a rubutun manhaja kaɗai take ba, tana cikin ɗabi'ar furosesa kanta, ta Intel da ta AMD. Furosesa tana da tsarin da take bi idan ta ci karo da kuskure: ta dakata, ta kai ƙorafin inda aka tanada, sannan ta ci gaba. Ben Serebrin na Google da Jan Beulich suka nuna cewa baƙo zai iya shirya abubuwa yadda kai ƙorafin kansa zai haifi wani ƙorafin irinsa, shi ma ya haifi wani, haka har abada. Furosesar za ta shiga zagaye a can cikin cikinta, inda haifabaiza ba ta da damar cewa dakata. Baƙon da aka ba furosesa huɗu zai iya riƙe huɗun. Idan kuma mai masauki yana da agogon tsaro mai sake kunna inji in ya ji shiru, to injin duka zai mutu ya tashi, da kowa da kowa a kansa. Xen da KVM da Hyper-V duk sai da suka fitar da gyara. Tsofaffin ma'aikata za su tuna cewa wannan ciwo yana da kaka: a 1997 an gano wasu baitoci huɗu, waɗanda aka yi wa laƙabi da F00F, da ke sandarar da furosesar Pentium ko da mai amfani ba shi da wani iko. Bambancin shi ne a 1997 inji ɗaya na ma'aikata ɗaya ne. Yau inji ɗaya na mutanen da ba su taɓa ganin juna ba ne.

Wanda zai kai irin wannan hari ba sai ya fasa komai ba, kuma a nan ne masu cewa "ai sai mutum yana da ikon shugaba a cikin baƙon" suke yin kuskure. Gaskiya ne sanarwoyi da yawa suna kafa wannan sharaɗi. To amma wanda ya biya 'yan daloli ya karɓi hayar ƙaramar saba ta wata ɗaya, ai shi ne shugaba a cikinta. Abin da ya saya ke nan. Da kuɗinsa ya shigo, ta ƙofa. A ma'aikatar da ba ta ba da haya kuwa, hanyar ita ce baƙon da ya fi kowa rauni: tsohon shafin wani sashe da aka manta da shi, ko sabar gwaji da wani ɗan bautar ƙasa ya kafa ya tafi ya bar ta da kalmar sirri mai sauƙi. Mai kutse ya shiga nan, daga nan ya kifar da injin da rumbun bayanan albashi ke zaune a kai. Rumbun yana da katanga mai kauri, an kashe kuɗi a kanta, amma ba ta gabansa aka zo masa ba, ƙasar da yake tsaye a kai aka janye.

Mu tsaya a kan kalmar nan "kawai", inji ne kawai zai tsaya. Injin da aka kashe bisa tsari yana gama rubuta abin da ke hannunsa kafin ya rufe. Wanda ya faɗi farat ɗaya yana faɗuwa ne da rubutu a tsakiya. Rumbunan bayanai na zamani an gina su su farfaɗo daga irin wannan, kuma galibi suna farfaɗowa, amma farfaɗowar tana cin lokaci, kuma tana dogara ne ga cewa faifan ya faɗi gaskiya game da abin da ya riga ya adana. Inda batirin katin faifai ya mutu ba a canza ba, ko aka kunna saitin sauri don a burge shugaba, to ranar nan za a gane. Sannan ga abin da ba a cika tunawa ba: in mai masauki ya tashi, yakan tayar da baƙinsa da kansa, har da wanda ya kashe shi. Idan mugun umarnin yana cikin abin da baƙon ke fara gudanarwa, injin zai sake faɗuwa kafin ma'aikaci ya gama shigar da kalmar sirri. Mafi muni, a wuraren da aka haɗa injina da yawa don in ɗaya ya mutu sauran su ɗauki kayansa, wannan tanadin alheri yana iya zama hanyar yaɗuwar cutar. Tsarin zai ɗauki baƙon da ya kashe inji na farko ya tayar da shi a kan na biyu, tunda bai san shi ne mai laifin ba, daga nan sai na uku.

Mutumin da ke tsaye gaban mai POS da magriba, ko uwar da ke jiran a buɗe fayil ɗin ɗanta a asibiti, ko ɗalibin da wa'adin rajistarsa ke cika da tsakar dare, babu ruwansu da ko an saci bayani ko ba a sata ba. Abin da za a ce musu shi ne babu sabis.

Wani abin da ke ruɗar mutane shi ne makin da ake ba kowace ɓaraka, daga 0 zuwa 10, a ma'aunin CVSS. Ma'aunin yana duba illa uku: tona sirri, gurɓata bayani, da hana aiki. Ɓarakar da baƙo ke bi daga ciki, wadda ta taɓa ta ukun kaɗai, ba ta cika samun babban maki ba. Misali ita ce CVE-2018-12207, wadda aka bayyana a Nuwamba 2019, inda baƙo zai iya rikita furosesar Intel ta hanyar sauya girman shafukan ƙwaƙwalwa har injin ya sandare gaba ɗaya. Makinta 6.5, wato matsakaiciya. Ma'aikatar da dokarta ta ce a gaggauta abin da ya kai 7 zuwa sama, sauran a bari sai zagayen gaba, ta riga ta yanke hukuncin barin wannan ba tare da kowa ya karanta ta ba. Makin bai san baƙi nawa ke kan injinku ba, bai san ko baƙin naku ne ko na duk wanda ya zo da katin banki ba. Wannan lissafin ku ne za ku yi shi. Kuma a wannan ɓarakar akwai tarko na biyu: gyaranta yana rage gudun inji, don haka Microsoft ta fitar da kariyar a kashe, sai mai inji ya kunna ta da hannunsa. Akwai sabobin da aka liƙa wa facin tun shekarun baya, rahoton ofis ya nuna kore, alhali ƙofar tana nan yadda take.

Haka kuma laƙabin "tsayar da aiki" ba hukuncin ƙarshe ba ne, iyakar abin da aka iya tabbatarwa ne a ranar da aka rubuta sanarwar. Ɓarakar Reptar, CVE-2023-23583, da Tavis Ormandy da abokan aikinsa na Google suka bayyana a Nuwamba 2023, wani umarni ne mai ɗauke da ƙarin alamar da ba ta da amfani, wanda ya kamata furosesa ta yi watsi da ita amma sai ta haukace. Sun gwada daga cikin baƙo marar wani iko, injin ya faɗi. Intel da farko ta ɗauke ta a matsayin matsalar tsayar da aiki, daga baya da aka ga tana iya kai mutum ga ikon da bai kamata ya samu ba, aka ɗaga makinta zuwa 8.8 aka matso da ranar gyara. A Hyper-V ma, ɓarakar CVE-2021-28476 da Ophir Harpaz da Peleg Hadar suka gano a cikin vmswitch, sashen da ke haɗa baƙi da hanyar sadarwa, abin da suka fara nunawa shi ne saƙo ɗaya daga baƙo yana kifar da mai masauki. Microsoft ta ba ta 9.9 a Mayu 2021, domin hannun da ya iya tura inji ya faɗi yana dab da iya juya shi. Faɗuwar inji sau da yawa alama ce cewa wani ya taɓa ƙwaƙwalwar da bai kamata ya taɓa ba, kuma abin da ya rage masa shi ne ya koyi taɓawa a hankali.

Ranar da aka fitar da faci, ranar ce aka nuna wa duniya inda ramin yake. Aikin Xen yana da tsarin sanar da manyan masu amfani a asirce, yawanci mako biyu kafin a faɗa wa kowa, shi ya sa Amazon ta riga mu sani a 2014. Ƙananan ma'aikatu ba sa cikin wannan jerin. Su tare da masu kutse suke jin labari, kuma mai kutse yana da abin da ma'aikaci ba shi da shi, wato lokaci. Zai ɗora tsohon rubutun manhaja kusa da sabo, ya ga layin da aka canza, ya gane abin da ake ɓoyewa. Rubuta harin da zai kifar da inji ya fi rubuta na sata sauƙi nesa ba kusa ba, domin mai rushewa ba ya buƙatar daidaito.

Wanda ke son ya ga ƙarshen jinkiri ya dubi watan Fabrairu na 2023. A ranar 3 ga wata hukumar ba da agajin gaggawa kan tsaron kwamfuta ta Faransa ta yi shelar cewa ana bi sabobin ESXi ɗaya bayan ɗaya ana kulle fayilolin baƙinsu ana neman fansa. Harin da aka kira ESXiArgs ya taɓa sabobi sama da 3,800 a duniya, kamar yadda hukumar CISA ta Amurka ta faɗa. Hanyar da Faransawan suka nuna ita ce wata hidima mai suna SLP da ke sauraro a tasha ta 427, wadda VMware ta fitar da facinta tun Fabrairu 2021. Kusan shekara biyu facin yana ajiye. Wannan garkuwa ce, ba tsayar da aiki kaɗai ba, amma halin da ya buɗe mata ƙofa shi ne wanda nake magana a kai: inji yana aiki, kada a taɓa shi. Bayan wata biyu kuma masu bincike suka nuna cewa ita wannan SLP ɗin, in an bar ta a buɗe ga intanet, ana iya amfani da ita a ninka ƙaramin saƙo har sau 2,200 a jefi wani da shi. Sabarka ke nan ta zama makamin da ake durƙusar da wasu.

Na san dalilan da ke sa a yi jinkiri, kuma ba duka ne lalaci ba. Akwai tsoron kashe tsohon inji kada faifansa ya ƙi tashi. Akwai shugaban da ba ya son jin an ce za a ɗauke aiki ko na rabin sa'a. Akwai kuɗi: Broadcom ya kammala sayen VMware a Nuwamba 2023, ya daina sayar da lasisin dindindin ya koma na biyan shekara-shekara, a daidai lokacin da naira ta faɗi warwas bayan sauyin tsarin canji na Yunin 2023. Ma'aikatu da yawa a nan gida sun ga lissafin dala suka ce a zauna a kan tsohon da ake da shi. To a san abin da aka zauna a kai. Tallafin ESXi 6.5 da 6.7 ya ƙare ranar 15 ga Oktoba 2022, na siga ta 7 kuma ranar 2 ga Oktoba 2025. Ɓarakar da za a gano gobe a cikinsu babu wanda ya yi muku alkawarin gyaranta. Wanda ba zai iya biyan sabon lasisi ba yana da mafita a Proxmox, da ke kan KVM, ko XCP-ng, da ke kan Xen, waɗanda ake samun facinsu ba tare da lasisi mai tsada ba. Ƙaura aiki ce mai wahala, kuma su ma ba su tsira daga irin wannan ciwon ba: a 2020 Xen ta sanar da yadda baƙo zai iya ambaliyar da mai masauki da saƙonni har ya kasa numfashi, a 2022 kuma da yadda zai iya cinye ƙwaƙwalwar xenstored, sashen da ke riƙe da bayanan baƙi. Amfaninsu shi ne ƙofar gyara tana buɗe.

Sai abin da na fi so kowane ma'aikaci ya riƙe, domin a nan ne mai ƙoƙari ma ke zamewa. Sauke faci daban, fara aikinsa daban. A Mayu 2015 Jason Geffner na CrowdStrike ya bayyana ɓarakar VENOM a cikin QEMU, a sashen da ke kwaikwayon na'urar faifan fulofi, rubutun da ke nan tun 2004, kuma yana aiki ko da ba a ba baƙon fulofi ba. Bayan an liƙa facin, duk baƙon da ke kunne yana ci gaba da tafiya a kan tsohuwar QEMU da ke cikin ƙwaƙwalwa. Sake kunna shi daga ciki bai wadatar ba, domin wannan ba ya kashe manhajar da ke ɗauke da shi. Sai an kashe shi ɗungurungum an tayar, ko an ƙaurar da shi zuwa injin da aka riga aka gyara. Haka gyaran Reptar: maikurokod ne, ƙaramin umarnin da ake loda wa furosesa, wanda ke zuwa ta sabunta BIOS ko ta kunshin tsarin aiki, kuma a mafi yawan wurare sai an sake kunna injin yake kamawa. Don haka kada a tambayi ko an sauke. A tambayi wace siga ce ke gudana a wannan minti, a kan kowane mai masauki.

Kafin a kai ga daren gyaran, akwai abin da ba ya jiran izinin kowa. A cire wa baƙi duk na'urar kwaikwayon da ba sa amfani da ita, fulofi, katin sauti, tashar USB, domin kowace ɗaya rubutu ne da baƙo ke iya taɓawa. A kashe SLP a kan ESXi in tana kunne. A janye shafin sarrafa haifabaiza daga fuskar intanet. A sa wa kowane baƙo iyaka a furosesa da ƙwaƙwalwa da faifai. A raba masauki: sabar gwaji da shafin da jama'a ke shiga kada su kwana a inji ɗaya da albashi ko fayilolin marasa lafiya. A kashe tayar da kai tsaye ga baƙin da ba a yarda da su ba. Kwafin ajiya kuma a fitar da shi daga injin, a gwada maido shi a gani da ido, domin kwafin baƙo da ke zaune a kan faifai ɗaya da baƙon zai tafi tare da shi.

Ranka ya daɗe shugaban ma'aikata, idan injiniyanka ya zo neman sa'a biyu a daren Asabar don ya kashe inji ya kunna, ka sa masa hannu, ka kuma sa a sanar da jama'a tun da wuri. Kai kuma da ke biyan hayar saba a wurin wani, rubuta masa yau ka tambaye shi wace haifabaiza yake amfani da ita, wace siga, yaushe rabonsa da sake kunna mai masaukin da kake kai, kuma yaya yake yi idan sanarwar tsaro ta fito. Idan ya yi maka alfahari da cewa injinsa ya shekara uku bai taɓa mutuwa ba, ka sauke kwafin bayananka a daren nan ka fara neman wani wuri.